Kilishi a Ɗakin Cinyoyin Alade

Mutumin da ya yi mini alkawarin aiki a Amurka bai zo tarbata ba. Kwana uku na yi a New York ina buga lambar da ya ba ni, wata mata na amsawa da wani yare da ban taɓa ji ba. Ɗan garinmu ne, ɗan Tasawa, shi ya ce yana da shagon naman halal kuma yana neman mahauci na gaske. Daga baya na ji shagon na wani Balarabe ne, shi shara kawai yake yi a ciki, an ma sallame shi tun kafin in sauka. Ba zan faɗi sunansa ba, don mahaifiyarsa tana da rai kuma mutuniyar kirki ce.

A wani masallaci da na raɓe a ciki ne wani direban tasi ya ce in nufi Greensboro, can 'yan Nijar suke da yawa. Ya sa ni a bas, ya rubuta mini lambar wani Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai sayen tsofaffin motoci yana aikawa Kwatano. Wannan a shekara ta 2002 ne. Alhaji ya zo tasha da kansa, ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sunana da na ubana. Na ce Isuhu, ɗan Nomau mai kilishi. Ya ce ya taɓa cin kilishin Tasawa har haƙorinsa ya karye, don haka in shiga mota, dama yana neman wanda zai rama a kansa.

Matarsa, Hajiya Mariyama, ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ajiye mini tuwo da miyar kuka. Loma biyu na yi hawaye suka ƙwace mini, ni ƙato mai shekara talatin da huɗu. Ta kau da kai ta ce tonka ce ta yi yawa a miyar, laifinta ne. Wata bakwai na yi ina kwana a falonsu. Ko da na koma ɗakin haya tare da wasu samari, ranar Juma'a kwanona yana nan a rufe, in ban zo ba sai ta kira ta ce, “Ɗana, tuwon ga shina jiranka, ko ka zama Bature ne?”

Hajiya mace ce mai tsoron abincin ƙasar nan. Ba ta iya Turanci ba, amma tana da wata takarda a jakarta da matar liman ta rubuta mata kalmomin da ke nuna akwai alade a cikin abu. A kanti sai ta ɗauki kwali ta juya bayansa, ta sa tabarau, ta bi rubutun da yatsa tana gwadawa da takardarta harafi bayan harafi. Ko alewa ba ta tsira ba. Alhaji yakan ce cefanen rabin awa in da Hajiya aka je sai an yi sallar la'asar a hanya. Akwai tukunyar da maƙwabciyarsu ta ara ta dawo da ita fes, amma da Hajiya ta ji abin da aka soya a ciki sai ta kai ta bola da hannunta, ba ta gaya wa matar ba don kada ranta ya ɓaci. Abin da ya fito daga hannuna kuwa ba ta taɓa juya shi ba. Takan ce ɗan mahauta Musulmi ba a yi masa bincike.

Na yi wankin mota, na yi ɗaurin kwalaye a wata masana'antar safa har aka rufe ta. Hannuna da ya saba da wuƙa tun ina shekara tara ya koma ɗaukar tsumma. Abin da ya fi damuna a garin shi ne rashin mutane a waje. Gidaje ne reras, ciyawa an aske ta tas, amma sai ka yi tafiyar minti ashirin ba ka ga wanda za ka yi wa sallama ba. Na yi kewar hayaniyar mahauta, har ƙudajenta na yi kewa.

Wata Asabar Alhaji ya ɗauke ni zuwa wata gona a Pleasant Garden in yanka ragon suna. Mai gonar wani dattijon Bature ne, Mista Ray, dogo mai wando mai igiya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane. Ya jingina da shinge yana kallona har na feɗe ragon na ware shi. Da na gama ya ɗaga fatar ya duba ta a rana bai ga huda ko ɗaya ba. Ya ce wa Alhaji tun mutuwar ubansa bai ga hannu irin wannan ba, kuma yana neman mai taimako. Bai tambayi takardu ba. Sunana ya gagare shi, da na ce Yusufu ne sai ya mayar da ni Jo.

Awaki da tumaki na sani, su aka nuna mini ranar farko. A rana ta uku ya ce in hau bayan tarakta, muka ratsa gonar zuwa wani kurmi na manyan itatuwa da suke kira ok. Sai ga su suna fitowa, baƙaƙe, masu dogon baki, sun fi arba'in. Na kusa faɗowa. Aladun da na sani a gefen bariki a gida cikin kwata suke kwana. Waɗannan a daji suke kiwo, jikinsu tsaf, suna tsintar 'ya'yan itatuwan da suka zubo, wasu 'yan abubuwa kamar ƙaramin goro mai hula a ka. Mista Ray ya ce wannan 'ya'yan itacen shi ne sirrin sana'arsa, shi ke sa kitsen ya yi laushi har ya narke a yatsa. Awakin don su riƙe gonar ne kawai. Aikin da ya gada daga kakansa shi ne busar da cinyar alade, abin da suke kira ham.

Na gaya masa addinina, ya ce ya fahimta, ba zai sa ni taɓa su ba. Kuma bai sa ni ba, ni na kai kaina da kaɗan-kaɗan. Da sanyi ya shigo na ga tsohon yana fama da buhun gishiri na kama masa. Na gan shi yana gyara gefen cinya da wuƙa yana ɓata nama, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na sa safar hannu na karɓa. Kafin shekara ta zagayo na san aikin duka: a murje cinyar da gishiri da jan sukari da barkono, a cusa sosai ta wajen ƙashi, a jera su sama da wata guda a sanyi, a wanke, a sa a buhun ƙyalle a rataye. Daga nan sai haƙuri, wata cinyar sai ta shekara biyu a rataye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na gane aikin. Gishiri ne da iska da jira, sana'ar ubana ce aka yi da wata dabba.

Kuma tsohon yana da matsalar da yake ɓoyewa: hancinsa ya mutu. Ana gane lafiyar cinya ne da wata basilla da ake sokawa har ƙashi a zaro a shinshina. Wata rana ya miƙo mini basillar kansa a ƙasa, kunya ta kama shi. Na shinshina na ce wannan ta lalace daga ciki, aka tsaga aka tarar haka ne. Tun daga ranar na zama hancinsa. Ban taɓa sa ko ƙwaya a baki ba, Allah shaida ne. Amma ƙamshin mai kyau ɗin, wani abu tsakanin soyayyar gyaɗa da man shanu, ina jin daɗinsa, kuma ina jin haushin kaina. Kullum sai na yi wanka a rumfar awaki na canza kaya kafin in shiga mota. A gari kowa ya san Isuhu yana aiki a gonar awaki, ban ƙara musu komai a kai ba.

A shekarata ta huɗu a garin aka gano Hajiya tana da ciwon daji. Maganin da ake ɗura mata ya zubar mata da gashi, ya kuma kashe mata baki. Ta ce komai ta ci ɗanɗanon ƙarfe take ji. Matan gari suka yi ta kawo fura da kunun gyaɗa da farfesu, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Likita ya ce in ba ta ci ba jikinta ba zai ɗauki maganin ba. Wata Juma'a na same ta a kan kujera, zobenta ya koma babban yatsa don sauran sun rame. Ta ce, “Isuhu, kilishi nika marmari. Rumuzu, irin na gida, mai man gyaɗa da yaji kawai, ba labun ƙuli-ƙuli. Ko kaɗan ne in tsotsa.”

Watan Yuli ne. Wanda bai san damina a Carolina ba zai ɗauka zafi zafi ne. Rana tana nan kamar ta gasa mutum, amma iskar jiƙe take, riga ma ba ta bushewa a jiki. Na yanka ɗan maraƙi da hannuna, na fere naman falle-falle har ana ganin haske ta cikinsa, na shanya a barandarmu. Kafin yamma ya yi yauƙi, washegari ya yi wari. Sau uku ina yi ina zubarwa. Mista Ray ya ga fuskata ya tambaya, na gaya masa. Ya ce ai ga ɗakin cinyoyi, da fanka huɗu da injin da ke tsotse danshi, ba ƙuda ko ɗaya, nama siriri haka kwana ɗaya ya ishe shi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har ya ce matarsa ma wannan ciwon ne ya ɗauke ta.

Na yi tunani, amma ba mai tsawo ba. Na sayi sabuwar raga, na kafa ta a lungun da babu cinya a samansa, na ce ai iska ba ta da najasa. Abin da na manta, ni da na san ɗakin kamar tafin hannuna, shi ne a watan zafi cinyoyin suna naso. Kitsen nan mai laushi yana narkewa ya biyo buhu, fanka kuma tana ɗaukar ɗigon ta watsa. Da safe na tarar kilishin ya bushe kyakkyawa, ja wur, irin wanda ban yi ba tun barina gida. A kansa kuma ga ɗigo-ɗigon maiƙo suna ƙyalli, sun riga sun shige cikin naman.

Na tsaya riƙe da ragar, bola tana bakin ƙofa. Na tuna zoben nan a babban yatsa. Sai na goge da tsumma, na shafa man gyaɗa da citta da masoro, na gasa a kan garwashi, ina ce wa kaina wuta ta cinye komai. Ni kaina ban yarda da maganar ba.

Hajiya ta karɓa ta yi bismilla. Ta gutsura kaɗan ta riƙe a baki ta lumshe ido. Ta ƙara. Ta cinye falle guda, ta nemi ruwa, sannan ta ce ko akwai sauran kunun nan. Alhaji ya fita baranda don kada mu ga fuskarsa. Ta ce ko a Maraɗi ba ta taɓa cin mai daɗin wannan ba, akwai wani garɗi a cikinsa da ba ta san sunansa ba. Ni na san sunansa.

Na rantse ba zan sake ba. Na biyu a obin na busar da shi, a ɗakinmu, da ƙaramar wuta. Ta ɗanɗana ta ajiye a hankali, don ba ta son ta kunyata ni. Ta ce, “Wanga ba shi ba ne, ɗana. Ba komi, ka gaji.” Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. A rana ta biyar na koma ɗakin cinyoyi. Wannan karon na kafa kwanon rufi a saman ragar, amma fanka ba ta san da kwano ba, kuma ƙamshin ɗakin kansa yana shiga nama. Da safe na ga maiƙo a gefe ɗaya. Daga karo na gaba na daina dubawa. Na farko kuskure ne, zan iya tsayawa gaban kowa in faɗa. Sauran kuwa da idona biyu na yi su, wata uku, kowace Juma'a.

Sau da yawa na shirya maganar a mota, har ina faɗa da ƙarfi ni kaɗai. Ina shiga na ga ta miƙo hannu sai maganar ta narke. In na faɗa ba za ta ƙara ci ba, wannan na sani. Kuma matar da ta jefar da tukunya sukutum za ta kwanta tana tunanin abin da ke cikin cikinta.

Maganin bai ci ba. A watan Oktoba aka dawo da ita gida, aka ce sai addu'a. Ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, kamar yadda manyanmu suke yi in sun ji tafiya ta zo. Ni aka kira ranar wata Talata da hantsi. Ta ce in gafarta mata wahalar da ta ba ni, ta mai da ni bawan kilishi. Na ce ba ta yi mini komai ba sai alheri, na yafe duniya da lahira. Sai na durƙusa na ce, “Hajiya, ni ma ki gafarta mini. Akwai abin da na yi miki.”

“Kai? Mi ka yi min?”

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Ta jira kaɗan, sai ta yi murmushi ta dafa kaina.

“Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar ga, ban ci abu hankalina kwance ba sai naka. Ko mi ne ne, na yahe. Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo.”

Na tashi. Ta rasu ranar Asabar. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan.

Na bar gonar a wannan makon. Mista Ray bai yi gardama ba, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce bai san yadda zai yi da cinyoyin bana ba. Na ji tausayinsa, don bai taɓa cutata ba. Amma barin gonar bai sauke mini komai ba. Mutane suna ta sa mini albarka a wajen zaman makoki, ana nuna ni ana cewa ga wanda ya riƙe Hajiya da kilishi. Kowace albarka sai in ji kamar an mare ni. Abin da ya hana ni sakat shi ne gafarar nan. Ban san ko yafiyar wanda bai san laifin ba tana zama yafiya ba, kuma ina jin kunyar tambayar liman.

Bayan sadakar arba'in na sami Alhaji a filin da yake tara motoci, yana cire lambar wata tsohuwar mota. Na gaya masa duka, tun daga aladun kurmi har zuwa ɗigon maiƙo da ranar da na daina dubawa. Bai katse ni ba, bai kuma ɗago ba. Ya ci gaba da juya sukurun da ya riga ya kwance. Da na gama sai ya ce ita dai ba ta da laifi wajen Allah, tunda ba ta sani ba. Na ce haka ne. Ya tambaya ko akwai wanda na gaya wa, na ce babu. Ya ce kada in gaya wa kowa, ba don ni ba, don kada a riƙa ambaton sunanta da wannan abu a bakin mata.

Na ce, “Alhaji, ka gafarta mini.”

Sai a lokacin ya dube ni. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

“Da ka zo ka tambaye ni a lokacin, ina kallonta tana ƙin abinci, ban san mi zan ce maka ba. Wataƙila in ce ka kawo. Ka ga ka ɗauke min nauyin wannan zaɓin.” Ya ajiye sukurun a kan motar. “Wata ukun nan da ta ci abinci su kaɗai gare ni, Isuhu. In na tuna ta, su nika tunawa, tana tauna tana murmushi. Yanzu da ka hwaɗa, ka ji sauƙi?”

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki lambar motar.

“To ga shi ni ma ka amshe min nawa sauƙin,” ya ce.